Ƙahon Tunƙaho

A zauren Kawu, a wani ƙauye na ƙasar Alkaleri wanda ba shi da nisa da bakin dajin Yankari, akwai wani ƙahon gwanki da ke rataye a jikin azara tun kafin a haife ni. Hayaƙin shekaru ya rina shi har ya yi baƙi ƙirin, zanzaro ya mai da cikinsa gida, kuma duk tsawon ƙuruciyata ban taɓa jin wani baƙo ya tambayi tsawonsa ba. Abin da ake tambaya shi ne a wane daji aka sami dabbar, da kibiya aka kayar da ita ko da adaka, kuma mutum nawa ne suka ɗauko naman. Ni ma ban taɓa kawowa a raina cewa ƙaho abu ne da ake sa wa ma'auni ba, sai a watan Nuwamban bara, da ƙanena da ke karatu a jihar Wisconsin ta Amurka ya turo mini wani hoto ta WhatsApp.

Wani Bature maƙwabcinsa ne a hoton, durƙushe cikin busasshiyar ciyawa, sanye da riga da hula ruwan goro mai haske, irin waɗanda doka ta wajabta wa masu farauta da bindiga a can don kada wani ya hango motsi ya zaci dabba ce. Ya tallabo kan wata dabba mai kama da barewa, amma da ƙaho mai rassa kamar busasshen reshen ƙirya, yana murmushi irin na wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Ƙanena bai rubuta komai a ƙarƙashin hoton ba sai lamba, inci 142, tare da bayanin cewa tun da safe maƙwabta ke shigowa taya mutumin murna. Da na je gaishe da Kawu a ƙarshen makon na miƙa masa wayar. Ya nisanta ta daga idonsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai ɗan nan, wannan dabba ce ko itace ne ya tsiro mata a ka?" Na ce, "Kawu, ai itacen ne abin murnar, shi suke aunawa." Sai ya miƙo mini wayata ya ce, "To, a wace tukunya ake dafa ƙaho?"

Na yi dariya, amma tambayar ta biyo ni har Bauchi, kuma ita ce ta sa na zauna na bi diddigin abin da maharban can ke nufi idan suka ce an sami namijin da ya isa a yi tunƙaho da shi.

Akwai gyaran suna da ya kamata a fara yi. Mun saba kiran wannan dabba barewa don ba mu da wani sunan da za mu ba ta, amma ita da barewarmu ba gida ɗaya suka fito ba. Barewa da gada da mazo da kanki da gwambaza da gwanki duk dangin saniya da akuya ne ta fuskar ƙaho: akwai ƙashi a ciki, sannan akwai kube a waje wanda aka yi shi da irin abin da aka yi kofato da farce, ba ya yin rassa, kuma idan ya fito ya fito ke nan har mutuwa. Na dabbar Amurka kuwa ƙashi ne zalla, namiji ne kawai ke da shi, kuma kowace shekara sai ya faɗi sabo ya tsiro. Yana fara fitowa wajen watan Afrilu a lulluɓe da wata fata mai laushi kamar karammiski wadda ke kai masa jini, ya yi ta girma cikin sauri har wajen ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, sannan jinin ya yanke, dabbar ta goge fatar a jikin itatuwa, ta shiga faɗan barbara a watan Nuwamba da makaminta a waje, daga Janairu zuwa Maris kuma ƙahon ya zube a daji kamar ganye. Nijeriya ba ta da irin wannan dangi ko ɗaya, kuma a duk faɗin Afirka sai a dazuzzukan arewa, wajen Aljeriya da Tunisiya, ake samun wani ɗan'uwansu. Wadda ta fi yawa a Amurka ita ce mai farar wutsiya, wadda idan ta firgita take ɗaga wutsiyar sama farin ƙarƙashinta ya bayyana. Da yake Bahaushe na kiran ƙasaitaccen namijin barewa kishimi, zan ara wa nasu wannan suna.

Awon da ake magana a kai na wata ƙungiya ce mai suna Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt da abokansa suka kafa a 1887, shekara 14 kafin ya zama shugaban Amurka. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yanayin da aka kafa ta a ciki. A lokacin, masu farauta don sayar da nama da fata sun kusa share dajin ƙasar, har ana ƙiyasin cewa a wajen 1900 masu farar wutsiyar da suka rage ba su wuce rabin miliyan ba. Saboda haka littafin bajinta na farko da ƙungiyar ta fitar a 1932 ya fi kama da rajistar abin da ake tsoron zai ɓace, don jikoki su san irin halittar da ta taɓa yawo a ƙasarsu. Tsarin awon da ake amfani da shi yau an tabbatar da shi ne a 1950. Ba su ne farkon masu wannan ɗabi'a ba, domin tun 1892 wani majemin Landan mai suna Rowland Ward ya fara buga tsawon ƙahonin manyan namun dajin duniya, har da irin namu na Afirka, kuma Turawan mulkin mallaka da suka yi farauta a ƙasar nan da irin wannan lissafi suke gasa a junansu.

Yadda ake awon yana da daɗin bi, ko da mutum bai taɓa riƙe bindiga ba. Da farko sai an ajiye ƙahon ya sha iska kwana 60, saboda ɗanyen ƙashi yana ɗan tsukewa idan ya bushe, kuma ba a yarda a rubuta wa mutum abin da zai ragu ba. Sannan ma'aunin da ƙungiya ta amince da shi ya zo da siririn tef na ƙarfe da wata waya mai lanƙwasuwa. Zai bi uwar ƙahon ta bayanta daga gindi har tsini, dama da hagu. Zai auna kowane reshe daga inda ya rabu da uwar, kuma ba a kiran abu reshe sai ya kai inci ɗaya, tsawonsa kuma ya fi faɗinsa. Zai zagaya kaurin uwar a wuri huɗu a kowane gefe, sannan ya auna tazarar da ke tsakanin uwayen biyu ta ciki a inda suka fi buɗewa. Duk wannan ana rubuta shi ne har zuwa kashi ɗaya cikin takwas na inci, shi ya sa za ka ga lambobinsu da ɗan wutsiya a baya. Bayan an tara jimilla sai a koma neman aibi: idan reshe na biyu na dama inci 10 ne, na hagu kuma 8 da rabi, za a zaftare inci ɗaya da rabi, haka za a yi ta bi gaɓa-gaɓa, domin a wajensu kyan ƙaho shi ne dama ta zama madubin hagu. Wanda rassansa suka fito barkatai, wasu suna duban ƙasa wasu suna tsirowa a kan 'yan'uwansu, an ware masa aji na daban, inda waɗannan rassa na banza suke zama riba a maimakon asara.

A ajin daidaitacce, sai ƙaho ya kai maki 160 kafin ƙungiyar ta ba shi takardar yabo, kuma sai ya kai 170 kafin ya shiga littafin dindindin. A ajin barkatai ana neman 185 da 195. Masu farauta da kwari da baka suna da tasu ƙungiyar, Pope and Young, wadda aka kafa a 1961, ita kuma ta sauko da ƙa'idar zuwa 125 da 155, don kowa ya san wanda zai jira dabba ta matso har inda kibiya za ta kai ya fi mai bindiga shan wuya. Da na gaya wa Kawu wannan sai ya gyaɗa kai, ya ce ashe dai akwai masu hankali a cikinsu.

Daidaitaccen ƙahon da ya fi kowanne a littafin na wani manomi ne ɗan Kanada, Milo Hanson, wanda ya harbi kishiminsa a Nuwamban 1993 kusa da garin Biggar na lardin Saskatchewan, aka auna aka sami 213 da 5/8. Wanda ya riƙe kambin kafinsa labarinsa ya fi taɓa zuciya. James Jordan ya harbi nasa a Wisconsin a 1914, ya ba wani majemi kan don ya gyara masa, majemin ya tashi daga garin, ƙaho ya yi ɓatan dabo. Sai bayan kimanin shekara 50 aka tsince shi cikin tarkacen da ake gwanjo, aka auna ya ba da 206 da 1/8, tsohon ya gan shi ya ce nasa ne, aka yi ta ja-in-ja a kan hujja, kuma ba a rubuta sunansa a kai ba sai a 1978, bayan ya riga ya rasu. A ajin barkatai kuwa, wanda ya fi duka, mai 333 da 7/8, ba wanda ya harbe shi. A mace aka tsince shi a jihar Missouri a 1981, ya gama yawonsa a kusa da birnin St. Louis ba tare da ya faɗa hannun kowa ba. Da a nan ne, da makaɗan maharba sun yi masa kirarin da muke yi wa gwanki, wato sha bara.

Sai dai waɗannan lambobi na littafi ne, kuma mafi yawan maharban Amurka za su tsufa su ajiye bindiga ba su taɓa ganin mai 170 yana tafiya da ƙafarsa ba. A bakin talakan maharbi, ma'aunin ya fi haka sauƙi, kuma yana canzawa daga wuri zuwa wuri. Galibi idan ƙaho ya kai tsakanin 120 da 140 an sami abin ratayewa a bango, wanda ya kai 150 kuwa ana lissafa shi cikin abin da mutum zai samu sau ɗaya a rayuwarsa. A jihohin Iowa da Illinois da Kansas da Wisconsin, inda ƙasa ke da ƙarfi kuma dabbobin ke kwana cikin gonakin masara da waken soya, mai 130 yana iya wucewa a gaban gwani ya ƙi ɗaga bindiga. A rairayin Florida ko a tsaunukan da abinci bai wadata ba, mai 110 ya isa a kira 'yan'uwa su zo kallo. Wasu ma ba sa damuwa da inci, tsini suke ƙirgawa, kuma a nan ma akwai bambanci: mutanen gabas suna haɗa na dama da na hagu su ce mai goma, mutanen yamma suna ƙirga gefe-gefe. A Sikotlan, inda nasu dangin ja ne kuma ya fi girma, mai tsini 12 shi ake ba sunan sarauta. Ga yaron da ya fita da mahaifinsa karo na farko kuwa, ko ɗan tsinke biyu ne a kan dabbar, ita ce za a ɗauki hotonta a ajiye.

Abin da ya sa na daina yi wa wannan awo dariya shi ne da na gane abin da tef ɗin yake aunawa a zahiri. Masana dabbobi sun ce abu uku ne ke gina ƙaho: gado, abinci da shekaru. Maharbi ba shi da iko a kan gado, ikonsa a kan abinci kaɗan ne, amma shekaru a hannunsa suke, domin shi ne ke yanke shawarar ko dabba za ta ga baɗi. Ana haihuwar 'ya'yan a watan Mayu ko Yuni, ana farauta a ƙarshen shekara, shi ya sa kullum shekarunsu ke zuwa da rabi. Ɗan shekara ɗaya da rabi ƙahonsa ɗan tsurut ne ko da ubansa gagarabadau ne. A uku da rabi ya fara cika ido, amma bai kai ƙarshen abin da Allah ya ɗora masa ba sai ya shiga biyar da rabi zuwa bakwai da rabi, daga nan kuma haƙora su fara cinyewa, ƙahon ya fara komawa baya. Wato galibi ƙahon da ya kai 150 shaida ce cewa wannan dabba ta tsallake lokacin farauta sau huɗu ko biyar, a ƙasar da miliyoyin mutane ke shiga daji da bindiga kowace shekara. Ko dai ta yi wayon da ba a gan ta ba, ko kuma an gan ta tana ƙarama aka bar ta ta wuce.

Wannan barin shi ne ya zama al'ada a shekarun baya-bayan nan. A 1988 aka kafa wata ƙungiya a jihar Carolina ta Kudu wadda babban kiranta shi ne a ƙyale ƙananan maza su girma, a rage mata inda suka yi yawa don abinci ya ishi sauran. Wasu jihohi sun mai da abin doka, kamar Pennsylvania wadda a 2002 ta hana harbin namijin da bai kai tsini uku a gefe ɗaya ba, a wasu yankunanta ma huɗu. A ƙarshen shekarun 1980 fiye da rabin mazan da ake harbewa a Amurka 'yan shekara ɗaya da rabi ne, yau kuwa ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Saboda haka gwanin maharbi a can shi ne wanda zai iya karanta shekarun dabba cikin 'yan daƙiƙoƙi daga kan itacen da ya laɓe. Yana duba ko ƙahon ya wuce kunnuwa faɗi, tunda tazarar kunnuwan idan dabbar ta miƙe su ta kai wajen inci 16 ko fiye. Amma ya fi dogara da jiki: saurayi dogayen ƙafafu ne da siririn wuya da ɗamammen ciki, dattijo kuwa wuyansa ya kumbura ya haɗe da ƙirji, cikinsa ya sauko, ƙafafunsa sun yi kamar sun gajarta. Idan ya faɗi, sai a buɗe muƙamuƙi a duba cin da turamen haƙora suka yi, kamar yadda dillalin Kara ke buɗe bakin sa kafin ya yi tayi. Da yawa daga cikin gwanayen yau sun daina cewa inci kaza suke nema, suna cewa duk wanda ya kai shekara huɗu da rabi ko biyar da rabi ya isa, ko da ƙahonsa bai yi kyau ba.

Ba zan ɓoye ba, akwai inda abin ya wuce gona da iri. Inda duk aka sa lamba, sai an sami mai son sayen ta da kuɗi. Akwai gonaki da aka kewaye da doguwar waya inda ake kiwon waɗannan dabbobi kamar kajin gidan gona, ana zaɓen iri ana ɗura musu abinci har su fito da ƙahon da wuyansu ke ɗauka da ƙyar, sannan attajiri ya biya ya shiga ya harba. Wannan a wajena yanka ne, ba farauta ba, kuma jigilar irin waɗannan dabbobi daga gona zuwa gona na cikin abin da ake zargi da yaɗa wata cutar ƙwaƙwalwa mai ramar da su, wadda aka fara ganewa a Colorado a 1967. Akwai kuma yaron da zai harbi halastacciyar dabbarsa ya sa hoto a Facebook, manya su taru a kansa suna cewa ya yi gaggawa, har ya ji kunyar abin da ya kamata ya yi farin ciki da shi. Amma a yi wa ƙungiyar Boone and Crockett adalci, ba ta karɓar ƙahon da aka samu a cikin shinge, ko wanda aka kora da mota, ko aka hango daga jirgin sama, ko aka dallare da fitila cikin dare, kuma sai maharbi ya sa hannu a takardar rantsuwa cewa ya ba dabbar damar tsira. Dokokin jihohi da yawa kuma sun haramta a yanke kai a bar nama ya ruɓe a daji. A nan ne tambayar Kawu ta sami amsa: ba a dafa ƙahon, amma naman ma ba a zubar da shi.

Mu namu ma'aunin daban ne, kuma ban ga dalilin raina shi ba. Malamanmu na Malikiyya sun karantar da cewa farauta don buƙata halal ce, farauta don wasa kawai kuwa makaruhi ce, saboda haka Bahaushen maharbi bai taso da tunanin kashe dabba don ado ba. Girman abin da ya kamo ana auna shi da yawan gidajen da suka ɗora tukunya, da hatsarin da ya shiga, da wahalar da ya sha. Wanda ya kayar da ɓauna ba a haɗa shi da mai gada goma, don kowa ya san ɓauna idan ta ji rauni ita ke komawa ta yi wa maharbi kwanto. Wanda ya ɗaura kan burtu a goshi ya yi ta rarrafe cikin rana yana kwaikwayon tsuntsu har ya kusanci garke, an san ya biya kuɗin namansa da gwiwoyinsa. Ƙaho kuwa kayan aiki ne: na gwanki a huda shi a yi abin busa, ƙanana a zuba magani ko albarushi. Kawu ya ce ɗan'uwan wanda ke zaurensa ma mabushin Sarkin Baka ya ba, kuma an yi shekaru ana tara maharba da shi.

Inda ma'auninmu ya gaza shi ne ba shi da wurin da ya ce a bari. Ya yi aiki a zamanin da daji ya fi mutane yawa kuma kibiya ce makami. Da fitilar goshi ta zo, da babur, da bindigar da ke ɗaukar harsashi da yawa, da kasuwar naman daji da ke saye ko na mene ne, ga kuma farautar gayya inda ake cinna wa daji wuta a tare da karnuka a kashe duk abin da ya fito, mai ciki da ɗan jiya, sai ya zama babu dabbar da ke samun damar tsufa. Karin maganar nan da ke cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe har yanzu tana bakin kowa a Bauchi da Gombe, amma a tambayi ɗalibin sakandare ko ya taɓa ganin barewa a daji. Yankari, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa masu ziyara a 1962, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,200, shi ne ya rage mana da giwa da ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza, kuma duk da haka raƙumin dawa ya ƙare a cikinsa tuntuni. Da aka tashi raya gandun Sumu a 2006, daga Namibiya aka yi jigilar dabbobi. Duk wanda ya shiga ɗan gidan tarihin da ke sansanin Wikki na Yankari zai ga ƙahoni da fatu a jere, kusa da tarkuna da bindigogin da aka ƙwace daga masu farautar sata, kuma ni dai ban iya kallon jerin nan ba tare da tuna littafin 1932 ba. Su Amurkawa da suka tsorata sun sa lokacin farauta, sun sa lasisi da adadin da mutum zai ɗauka, a 1937 kuma suka yi dokar da ta karkatar da kuɗin harajin bindiga da harsashi kai tsaye wajen kula da namun daji, har masu farar wutsiya suka koma wajen miliyan 30, suna shiga lambunan mutane suna cin furanni.

Da na koma ƙauye bayan sallah, na ari tef a wajen matar ɗan Kawu da ke ɗinki, na nemi izini na hau turmi na sauko da ƙahon. Kawu yana zaune a kan buzunsa yana kallona kamar mai kallon yaro na wasan ƙasa. Na ɗora bakin tef a gindin ƙahon ta gaba, na bi lanƙwasarsa a hankali ina danna shi cikin kowane zobe, har tsini, na sami inci 28 da rabi. Na faɗa masa lambar, bai ce komai ba. Sai ya karɓi ƙahon ya ɗora a cinyarsa, ya sa babban yatsa a gindin inda zobban suka matsu da juna har suka kusa haɗewa, sannan ya shafa tsinin da ya dakushe ya yi sumul. Ya ce, "Ka bar lambarka, nan ake dubawa. Wannan tsoho ne, garke ya riga ya kore shi, shi kaɗai yake kiwo. Kwana uku ina bin sawunsa, a zamanin Gowon, a dajin da yanzu kuke noman riɗi. A rana ta biyu na ci karo da mata da 'ya'yansu a bakin ruwa, iska tana wajena, da na so da na gama aikina a nan. Mahaifina ya hana mu taɓa mai shayarwa." Na ce, "Kawu, yaushe rabonka da ganin irinsa a wajen gandu?" Ya daɗe yana juya ƙahon, sannan ya ce yaran yanzu idan suka dawo da gafiya biyu da zomo har kiɗa ake yi musu.

Kafin in tafi ya sa na rubuta wa ƙanena saƙo, ya ce a tambayi Baturen abu biyu, shekarun dabbar da kuma wanda ya ba ƙafar gaba. Amsa ta zo muna sallar la'asar. Haƙora sun nuna shekara huɗu da rabi, kuma mutumin ya ce ya san dabbar tun tana da biyu da rabi, sau biyu tana wucewa ƙarƙashin itacensa yana kallo. Naman kuma an raba, har ƙanena ya sami cinya ya yi dambu da ita. Kawu ya saurara har ƙarshe, ya ce a gaishe shi. Sannan ya miƙo mini ƙahon ya nuna azara da haɓa, ya ce in mayar da shi yadda na same shi, bakin yana duban ƙofa, kada zanzaro ya dawo ya rasa hanyar gidansa.